Finjalin da Aka Cika wa Baffa Othman

Zubaidatu 'yar Malam Husaini ta fara sana'ar abin sha ne da injin markaɗe guda da kuloli na aro. Yanzu kuwa duk mai suna ko walima daga unguwar Mahjar har ta Madain Fahd a birnin Jidda, in yana son baƙinsa su sha abu mai sanyi ba tare da turereniya ba, ita yake nema. Tana kafa tebur biyu, ɗaya wajen mata, ɗaya wajen maza, ta jera zoɓo da kunun aya da lemon tsami mai na'ana'a da sobiyar mutanen Hijaz. Yaran zamani suna ce wa teburin "bar". Mahaifinta ya hana a faɗi wannan kalma a gidansa, kuma ya yi daidai, don abin halal ba ya bukatar aron suna daga gidan giya.

Ita ke tsayawa wajen mata. Wajen maza kuwa mijinta ne, Ubale.

Ubale mutumin Malumfashi ne, kuma bai wani daɗe a Jidda ba. Ranakun aiki yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a Madinar Masana'antu, cikin 'yan Indiya da 'yan Bangaladash, inda shayi a babban kofi ake sha a tsaye. Juma'a da Asabar sai ya sa farar jallabiya ya tsaya bayan teburin matarsa. Mutum ne mai sakin hannu. In ya zuba maka zoɓo, dole ka sunkuya ka kurɓa tukuna kafin ka iya ɗaga kofin. Zubaidatu ta yi faɗa har ta gaji.

"Ya Ubale, bar wa leɓen mutum wuri mana. Fararen kaya ne a jikinsu, zoɓo kuma ba ya fita a wanki."

"A gidanmu," in ji shi, "wanda aka ba rabin kwano, an gaya masa kada ya sake zuwa ke nan."

"Nan ba gidanku ba ne."

"Ai shi ya sa kowa yake a rame."

Sai ta jefe shi da tsumman goge tebur, ya caɓe, su yi dariya. Haka suke.

Malam Husaini a Jidda aka haife shi, shi da yayansa Othman. Iyayensu sun zo hajji ta Sudan tun zamanin da ake tahowa a ƙasa, suka zauna ba su koma ba. Husaini ya yi aikin tashar jiragen ruwa har ƙarfinsa ya ƙare, Othman kuma ya yi tuƙin babbar mota tsakanin Jidda da Jizan. Gidan Husaini yana Mahjar, na Othman yana Madain Fahd. Ba wata tafiya ba ce. Amma an yi shekaru Othman bai taka gidan ƙaninsa ba, kuma duk unguwa ta san dalili.

Ranar da mahaifiyarsu Hajiya Fatsuma ta rasu da hantsi, Othman yana kan hanya daga Jizan. Ya buga waya ya ce a jira shi, ga shi nan tafe. Maƙwabta suka taru, liman ya ce gaggauta jana'iza sunna ce, Husaini kuma ya bi maganar mutane. Aka sallace ta bayan Azahar aka kai ta. Othman ya iso kafin La'asar, ya tarar da mutane suna dawowa daga maƙabarta suna karkaɗe ƙasa daga takalma. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi ƙaninsa ya ce, "Husaini, ka kasa jirana." Ya zauna aka gama karɓar gaisuwa da shi, ya tafi gidansa, shi ke nan.

Husaini bai saɓa wa shari'a ba. Amma akwai abin da shari'a ta bar wa mutum ya auna da zuciyarsa, shi kuwa ranar bai auna ba, ya bar maƙwabta suka auna masa. Othman ma ba a wanke shi, don yanke zumunci ya fi wancan laifin nauyi, kuma ya sani. Dattawa biyu masu sallar sahu na farko, kowa yana jira ɗan uwansa ya fara sunkuyawa. Wannan ba mutunci ba ne, taurin kai ne.

Da matar Mish'al, ɗan Husaini, ta haifi namiji, tsohon ya ce sunan yaro Othman. Ya aiki Mish'al har Madain Fahd ya faɗa wa baffansa an yi masa takwara, kuma za a yi walima ranar Juma'a bayan masallaci a wata istiraha, irin gidajen nan masu fili da ake haya don taro. Othman ya saurara har ƙarshe, ya ce, "In sha Allah." Bai ƙara ko kalma ba.

Ranar Alhamis da yamma gidan Zubaidatu ya cika da ƙamshin citta da kanumfari. Zoɓo yana jiƙe a babbar tukunya, aya tana cikin ruwa, ita kuma tana tsaye tsakiyar kicin tana tsara wa mijinta aikin gobe.

"Tebur kada ka kafa shi kusa da ƙofa. Mutum ya shigo daga rana, zai tsaya nan ya toshe wa na baya hanya. Kai shi can ƙuryar da na'urar sanyi take. Ruwa fari a gaba, don shi kowa zai fara nema. Ƙanƙara kuma, na roƙe ka, jarka ake sawa cikin ƙanƙara, ba ƙanƙara cikin jarka ba. Ran nan ka mayar mini da zoɓo ruwan wanke kwano."

"Sau ɗaya ne fa."

"Sau ɗayan ne har yau ake yi mini gori. Kunun aya sai da asuba zan markaɗa, zafin garin nan ba ya ɗaga masa ƙafa. In ka ji ya fara canza ƙamshi, sauke shi daga tebur, kada ka tsaya jin tausayinsa. Wannan jarkar mai koren murfi babu sukari a ciki, ta tsofaffi ce. Baffana, Ammi Othman, yana da ciwon sukari, ko ya roƙe ka kada ka ba shi sobiya."

"In ya zo," in ji Ubale.

Ta ajiye ludayin. Hankalinta ya koma kan mahaifinta.

"Abuya ya rame a kwanakin nan, ka lura? Jiya na same shi yana goge takalminsa na Idi da kansa. Ka ga, zuwan ba shi ne magana ba. Zai iya zuwa ya yi addu'a a tsaye ya juya, don kada a ce bai zo ba. In ya zauna har aka sa hannu a faranti ɗaya, halas, an shirya. In ya tashi kafin abinci, ba na jin Abuya zai ƙara samun ƙarfin gwadawa. Sunan jika fa ya bayar. Me ya rage masa kuma?"

"Zai zauna," in ji Ubale. "Ko da igiya ne zan ɗaure shi. Gahawa fa, wa zai yi?"

"Ba ruwanka da gahawa. Hatim zai zo da kayansa."

Hatim maƙwabcinsu ne, magidanci, zuba gahawa a taro ita ce sana'arsa tun yana saurayi.

"Wannan marowacin?" in ji Ubale. "Mai ɗiga wa mutum gahawa kamar maganin ciwon ido?"

Zubaidatu ta yi dariya, tukunya ta tafaso, ta juya wajenta. Ta ɗauka wasa yake yi. Shi kuwa da gaske yake.

Ga abin da ba ta gaya masa ba. A ƙasar nan ba a cika wa baƙo finjalin gahawa. Kaɗan ake zubawa a gindin finjalin, ya sha, ya miƙo, a ƙara, mai zubawa yana tsaye a kansa. Ma'anar ita ce, zauna, ba mu gaji da yi maka hidima ba. In baƙo ya ƙoshi, sai ya girgiza finjalin kafin ya miƙa, a nan mai zubawa zai wuce. Wanda aka cika wa finjali fal kuwa, an ce masa ne sha ka tashi, ba mu da lokacin tsayawa a kanka. Kowane yaro da aka haifa a Jidda ya san wannan, shi ya sa ba wanda ya taɓa zaunar da Ubale ya koya masa. Shi kuma duk zuwansa taro yana kallon Hatim yana ɗigawa, ya yanke wa kansa hukunci cewa tsadar hel, kayan ƙamshin gahawa, ita ce ta jawo haka. Abin da kowa ya sani shi ne ba a koyarwa, kuma nan baƙo yake faɗawa rami.

Ranar Juma'a tun kafin a tafi masallaci Ubale ya gama kafa teburinsa a ƙuryar da aka ce. Ya jera jarkoki cikin ƙanƙara, ja da fari da kore, ya kife kofuna a kan farin ƙyalle, ya yayyanka lemon tsami ya rufe. Hatim ya kafa nasa kayan daga gefe, butocin gahawa masu dogon baki da ake kira dalla, da finjalai, da farantan dabino. Da aka sauko masallaci mutane suka fara shigowa, kowa jiƙe da gumi, kowa ya cire takalmi a ƙofa ya nufi ruwan sanyi. Ubale yana zubawa yana tsokana.

"Ya Ubale, bas, bas, ya isa!"

"Bai isa ba, Alhaji. Sunkuya ka kurɓa, ai ruku'u ma ibada ne."

Malam Husaini yana tsaye kusa da ƙofa cikin jallabiya mai guga. Yana gaisawa da mutane, amma idonsa yana kan titi. Falon ya kusa cika, aka fara jin ƙamshin shinkafa da naman rago daga baya. Wasu sun fara duban juna. Sai ga wani dogon tsoho ya shigo a hankali, da sanda a hannu da jan shimag, ƙyallen da Larabawa ke yafawa, a kansa. Surutu ya ragu.

Husaini ya tako ya miƙa hannu biyu. "Yaya. Marhaba. Sannu da zuwa."

Othman ya ba shi hannu ɗaya. Bai rungume shi ba, bai kuma janye da sauri ba. "Allah ya raya," in ji shi. Aka kai shi kan shimfiɗar manya a saman falo, ya zauna, ya jingine sandarsa kusa da gwiwa, inda hannu zai kai ba wahala.

Daidai lokacin Hatim ba ya nan. An aiko daga wajen mata gahawarsu ta ƙare, ya ɗauki dalla guda ya kai bakin ƙofarsu. Husaini ya waiga bai gan shi ba, ga babban baƙo a zaune ba a ba shi kome ba. Ya yafito surukinsa, ya kama kafaɗarsa, ya yi masa raɗa a kunne.

"Ɗana, kai wa Yaya gahawa. Ka kula da shi, duk falon nan babu wanda ya kai shi a wurina. Bari in je in ɗauko masa jaririn."

Ya fita ta ƙofar baya. Othman yana zaune yana kallon raɗar nan tun daga farkonta har ƙarshenta.

Ubale ya goge hannunsa, ya ɗauki dalla da jerin finjalai. Zuciyarsa fara ƙal. A ransa yana cewa yau dai za a ga bambanci tsakanin ɗan halak da marowaci. Ya je gaban tsohon ya durƙusa har ƙasa, kamar yadda aka koya masa a gida. Ya karkata dallar ya zuba. Ya wuce inda Hatim ke tsayawa, ya wuce rabi, ya ci gaba har gahawa ta zo baki tana rawa, tana ƙona masa yatsu. Ya daure. Ya miƙa a hankali don kada ko ɗigo ya zube.

"Bismillah, Baffa."

Na kusa da Othman suka yi tsit. Tsohon ya dubi finjalin, ya dubi ƙofar da ƙaninsa ya bi ya fita. Sannan ya karɓa, ya shanye da zafinta, ya kife finjalin a kan shimfiɗa.

"A ƙaro, Baffa?" in ji Ubale, fuska cike da fara'a.

"An cika mini," in ji Othman. "Na gane."

Ya dafa sandarsa ya miƙe. Ya ce wa jama'a, "Allah ya raya yaro," ya ratsa falon, ya sa takalminsa, ya fita. Ba wanda ya iya tare shi.

Hatim ya shigo ya tarar da Ubale durƙushe da dalla a hannu, mutane suna ta salati. Wani ya gaya masa abin da ya faru a gajarce. Ya dafe kai.

"Ya shekh! Cika masa ka yi? Wa ya aike ka? Korar sa fa ka yi! A gaban mutane ka ce masa sha ka tafi!"

"Ni? Girmama shi na yi."

"A garinku. A nan kora ce. Kuma ya ga Ammi Husaini ya yi maka raɗa, me kake so ya ɗauka?"

Ubale ya miƙe tsaye. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, don labari ya riga ya tsallaka wajen mata. Zubaidatu ce.

"Ni ce ban gaya maka ba. Kada ka tsaya yi wa kowa bayani. Ta taga na hango shi, motarsa tana can ƙarshen layi, ba ya sauri. Yalla, bi shi!"

Ya fita da gudu. Bai tuna ya ajiye dallar ba, bai tuna da takalmi ba. Wanda ya san kwaltar Jidda bayan sallar Juma'a ya san abin da ake nufi da mutum ya taka ta da tafin ƙafa. Kafin ya kai rabin layi ya fara tsalle kamar wanda ya taka garwashi, finjalai suna ƙara a hannunsa, amma bai juya ba. Ya cim ma tsohon ya buɗe ƙofar motarsa ya zauna, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ubale ya yi niyyar durƙusawa, kwalta ta ƙone masa gwiwa, ya miƙe, ya sake gwadawa.

"Baffa, don girman Allah ku saurare ni. Ni ne. Ba Baba ba ne. Wallahi ni ne."

"Na ga ya yi maka raɗa."

"Cewa ya yi in kula da ku, babu wanda ya kai ku a wurinsa. Ya tafi ɗauko muku jariri ne. Ni kuma a inda na tashi, wanda ake ƙauna shi ake cika wa kwano. Ban san a garin nan akasin haka ake yi ba. Duk zamana ina ɗauka Hatim rowa yake yi."

Othman ya dube shi daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan ƙafafun da ke ta musayar wuri.

"Kai ne mijin Zubaida? Ɗan ina ne kai?"

"Malumfashi, Baffa."

"Matsa inuwar mota kafin ka gasu, ya miskin."

Ubale ya matsa ya tsaya a ɗan siririn inuwar. Ya yi zaton magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Tsohon ya sa hannu a kan sitiyari yana kallon gabansa.

"Na yarda kai ne. Ba ka da laifi. Amma ko da kuskure ne, finjalin nan gaskiya ya faɗa. Husaini mai sauri ne. Ya taɓa sallamar wadda ta fi ni daraja kafin in iso. Na zo, na yi wa yaro addu'a, na sauke abin da ke kaina. Koma wajen aikinka."

Wannan ba maganar Ubale ba ce. Ya tsaya da dalla a hannu. Abin da ya iya kawai shi ne ya ƙi matsawa daga jikin ƙofar, yadda ba za a iya rufe ta ba sai an ture shi.

Suna haka sai ga Malam Husaini tafe, yana haki, takalmin Idin nan a ƙafarsa ko ɗaurawa bai yi ba. Bai tambayi kowa kome ba. Ya karɓi dallar daga hannun surukinsa ya riƙe da hagu, ya zari finjali guda da dama. Ya zuba ɗan kaɗan a gindinsa. Ya tsaya a cikin rana, ya miƙa.

"Yaya."

Othman ya jima yana kallon hannun. Sannan ya karɓa, ya kurɓe, ya miƙo finjalin. Bai girgiza ba.

Husaini ya sake zubawa. Ya sha, ya miƙo, bai girgiza ba. Aka sake. Aka wuce inda mai ladabi yake cewa ya isa, aka ci gaba. Gumi yana bin gemun Husaini yana ɗiga a kan gugar jallabiyarsa, nauyin dalla ya fara rinjayar hannunsa na hagu. Ubale ya miƙa hannu zai taimaka, tsohon ya kauce masa.

Mish'al ya taho daga istiraha da sassarfa. Ya gaida baffansa, ya matso kusa da mahaifinsa ya rage murya.

"Abuya, an shimfiɗa abinci. Liman yana tambaya, mutane duk suna jira."

"Su jira."

"Naman zai huce."

"Ya huce."

Othman ya ɗago kai. "Ka ji yaro. Jama'a suna jiranka, Husaini. Liman ma yana jiranka."

"Na ji shi, Yaya. Liman ya jira, maƙwabta su jira. Ba inda zan je sai kai ka ce ya isa." Ya karkata dallar ya zuba. "Da ma haka na ce musu ranar jana'izar Hajiya."

Othman ya miƙa hannu. Ya karɓi finjalin ya riƙe bai sha ba. Ya ja gefen shimag ɗinsa ya goge fuska, ya ɗauki lokaci yana gogewa, kamar gumin ne ya yi yawa. Sannan ya kurɓe, ya sake miƙowa. Husaini ya karkata dallar har ta kife, ɗigo biyu suka faɗo, sai garin hel. Ta ƙare.

"Ubale," in ji Husaini, "je ka karɓo wata wajen Hatim."

"Bar shi," in ji Othman. "Za ka kashe wa Zubaida miji. Dubi ƙafarsa." Ya fito da sandarsa ya dafa ƙasa, ya miƙa wa ƙaninsa hannu don ya tashe shi. "Ba a titi zan girgiza finjali ba, kamar wanda ba shi da gida. Ina takwaran nawa? Fari ne ko irin baƙin nan naka?"

"Hancinka ne da shi, Allah ya ba shi haƙuri."

"Ka ji mara kunya."

Suka kama hanya a hankali, Husaini yana riƙe da gwiwar hannun yayansa. Mish'al ya cire takalminsa ɗaya ya ba Ubale, suka biyo baya kowa yana ɗingishi da ƙafa guda.

An ci abincin a huce, kuma ba wanda ya yi ƙorafi. 'Yan'uwan biyu a faranti ɗaya suka sa hannu. Aka kawo jariri, Othman ya ɗora shi a cinya ya daɗe yana yi masa addu'a, ya ce hancin ba nasa ba ne, na Hajiya Fatsuma ne. Daga wajen mata aka rangaɗa guɗa, kuma duk wanda ya san muryar Zubaidatu ya gane ta.

Ubale ya koma bayan teburinsa, yana tsaye a kan jiƙaƙƙen tsumma da ya sa wa ƙanƙara. Hatim ya wuce ta gabansa da dalla, ya ce, "Marowaci yana gaisuwa." Ubale ya sunkuyar da kai. Tun daga lokacin duk wanda ya zo rabin kofi yake samu.

Bayan an wanke hannu sai ga Othman da kansa ya dogaro sanda har ƙuryar.

"Ɗan Malumfashi, me kake da shi?"

"Akwai zoɓo marar sukari, Baffa."

"Sobiya nake so."

"An hana ni."

"Wa ya hana ka?"

"Wadda ta fi ƙarfina."

Tsohon ya yi dariya har sandarsa ta motsa. "To kawo zoɓon."

Ubale ya ɗauko jarka mai koren murfi. Ya karkata ta da taka-tsantsan, ya ɗiga ɗan kaɗan a gindin kofi, ya miƙa da hannu biyu. Othman ya leƙa cikin kofin, ya dubi Ubale.

"Mene ne wannan? Kai, zoɓo ne fa, ba gahawa ba. Zoɓo namu ne. Hajiya in ta zuba maka, sai ka sunkuya ka kurɓa kafin ka ɗaga. Cika."

Ubale ya cika har baki. Tsohon ya ba shi riƙon sanda, ya sunkuya ya kurɓa, ya ɗaga kofin. Duk da haka jan ɗigo ya sauka a gaban farar jallabiyarsa. Ubale ya zaro tsumma da sauri.

"Bar shi," in ji Othman. "Gobe in na zo gidan Husaini sai matarka ta gani, ta san aikin wa ye."